Almakashin da Ba Ya Yanka Sai Mai Tambari: Nazarin Wani Gwaji da Ya Ƙi Ci a Zariya

A wani ɗakin bincike da ke Zariya, inda nake taimaka wa ɗaliban digiri na biyu da aikin hannu, wata ɗaliba ta shafe kusan wata uku, daga ƙarshen hunturu har bazara ta kankama, tana maimaita wani gwaji wanda a ƙa'ida kwana uku ko huɗu sun ishe shi. Na rubuta wannan nazari ne domin dukanmu da ke wurin, har da ni, mun ɗora laifin a kan abin da bai ci ba bai sha ba, kuma mun yi haka ne saboda mun san sunan enzayim ɗin da muke aiki da shi, wato DpnI, wani almakashi mai yanka DNA, mun san farashinsa, amma ba mu riƙe sharaɗin aikinsa a zuci ba.

Aikin nata ya shafi wata ƙwayar gado da aka ciro daga bakteriyar ƙasa, wadda ke samar da enzayim mai narkar da selulos, wato sinadarin da ke ba karan dawa da ɓuntun shinkafa tauri. An riga an dasa ƙwayar gadon a cikin filasmid, wani ɗan zoben DNA da bakteriyar E. coli ke ɗauka tana hayayyafa shi, kuma abin da ya rage mata shi ne ta sauya haruffa biyu ko uku a cikin jerin DNA ɗin, wanda da haruffa huɗu, A da C da G da T, ake rubuta shi, ta yadda amino asid guda ɗaya cikin tubalan da suka gina enzayim ɗin, gulutamet, zai koma alanin. A irin waɗannan enzayim gulutamet ne yakan riƙe wuƙar aikin, saboda haka idan zaton malaminta daidai ne, sauyin zai kashe enzayim ɗin murus. Hanyar dubawa mai sauƙi ce kuma mai arha. Ana shuka bakteriyar a kan faranti mai ɗauke da selulos mai narkewa, a zuba jan rinin Kongo, a wanke da ruwan gishiri. Duk curin bakteriyar da enzayim ɗinsa ke aiki, sai a ga zobe mai haske kewaye da shi a tsakiyar jan, wanda kuwa ya mutu sai ja ya rufe shi ruf.

Dabarar sauya harafin ita ce wadda kamfanin Stratagene ya yaɗa da sunan QuikChange a shekarun 1990, bisa tushen da Michael Smith ya kafa, aikin da ya sa ya raba kyautar Nobel ta 1993 da Kary Mullis mai PCR, wato dabarar kwafar DNA a cikin na'ura. Ana ɗaukar ɗan kaɗan daga tsohon filasmid a matsayin abin kwafa, a haɗa shi da gajerun guntayen DNA biyu masu ɗauke da sabon harafin, sai enzayim mai kwafa, irin su Pfu, ya zagaye zoben gaba ɗaya sau 12 zuwa 18. Idan na'ura ta tsaya, tsoho da sabo suna cakuɗe a cikin 'yar kwalba ɗaya, girmansu ɗaya, kuma bambancinsu haruffa biyu ne cikin dubbai. Ba rariyar da za ta tace su. A nan ne DpnI ke shigowa: ana ɗiga shi, a ajiye kwalbar a zafin digiri 37 na awa ɗaya, ya daddatse tsohon ya bar sabon.

Tambayar da ya kamata kowane ɗalibi ya iya amsawa kafin ya buɗe murfin wannan kwalba ita ce, ta yaya DpnI ke bambance tsoho da sabo? Amsar tana cikin wani ɗan tambari da ake kira metil, wato ƙwayar kabon ɗaya da haidurojin uku, wanda bakteriya ke manna wa DNA ɗinta. E. coli tana da enzayim mai suna Dam, wanda Martin Marinus da abokin aikinsa Morris suka gano ƙwayar gadonsa a 1973, kuma aikinsa shi ne duk inda ya ci karo da jerin GATC sai ya ɗora metil a kan harafin A, a silli biyun da suka tufke DNA ɗin. Saboda haka duk filasmid ɗin da ya kwana a cikin E. coli ta yau da kullum yakan fito da wannan tambari a kowane GATC. Wanda aka kwafa a cikin na'urar PCR kuwa bai taɓa shiga cikin bakteriya ba, don haka tsirara yake. DpnI ba ya yanka GATC sai A ɗin na ɗauke da metil. Tunda jerin haruffa huɗu yakan faɗo, bisa lissafi, sau ɗaya cikin kowane 256, filasmid mai haruffa 5,000 zai samu wuraren yanka kamar 20, kuma wanda aka sara sau 20 ba ya sake tashi.

Wannan ɗabi'a ta juya wa abin da aka saba koyarwa baya, kuma ina ganin nan ne ruɗanin ɗalibai ke farowa. A aji ana gaya musu cewa bakteriya na yi wa DNA ɗinta tambari ne domin almakashinta, wanda ke sare DNA ɗin baƙo irin na bairos, kada ya yanke ta, kamar yadda a da tsagar fuska ke nuna wa mai tsaron Ƙofar Doka ko Ƙofar Gayan cewa wannan ɗan gari ne, marar tsaga kuwa a tsare shi. Haka EcoRI da BamHI da sauran ɗaruruwa suke, kuma a kan irinsu ne Werner Arber da Daniel Nathans da Hamilton Smith suka sami Nobel a 1978. Amma a 1975 Sanford Lacks da Greenberg, a ɗakin bincike na Brookhaven da ke Amurka, sun bayyana wani enzayim daga bakteriyar da ke jawo ciwon nimoniya, wadda a lokacin ake kira Diplococcus pneumoniae, kuma daga nan sunan Dpn ya fito, wanda shi mai tsagar yake kamawa. Bakteriyar da ke ɗauke da shi ba ta yi wa GATC ɗinta tambari, don haka duk wanda ya shigo da tambari baƙo ne. Abin da ya fi ban sha'awa shi ne a cikin jinsin nan guda, wasu iyalai na da DpnI, wasu kuma na da DpnII, wanda ke yanka GATC marar metil yayin da mai shi ke tambarce nasa. Bairos ɗin da ya girma a gidan farko zai fito tsirara, sai DpnII ya sare shi a gida na biyu, wanda ya girma a gida na biyu kuma zai fito da tambari, sai DpnI ya sare shi a na farko. Ta haka annoba ɗaya ba ta iya share zuriyar gaba ɗaya.

A gwajinta na farko farantin ya fito cike da cure-cure, fiye da yadda aka saba gani a wannan dabara, kuma da ta zuba rini kowane curi na da zobensa mai haske. Ta zo mini da farantin a hannu tana murna, ta ce, "Malam, ashe gulutamet ɗin nan ba shi ne mai aikin ba. An cire shi amma enzayim ɗin yana ci." Ban ga laifinta ba, domin da hakan gaskiya ne da ta samu abin rubutawa. Malaminta ya fi mu taka-tsantsan, ya ce kada a yi shelar haihuwa kafin a ga jariri, a aika samfuri a karanta jerin haruffan tukuna. Ba mu da na'urar karantawa a wurinmu, sai an tura wani gari, a jira makonni. Da sakamakon ya dawo, samfuri huɗun da aka aika duka tsohon jeri ne, ko harafi ɗaya bai motsa ba.

Da a ce mun tsaya mun yi tunani a wannan gaɓar, da yawan cure-curen nan kaɗai ya ishe mu ishara. Sabon DNA da wannan dabara ke samarwa zobe ne mai tsaguwa a silli biyun, kuma irinsa ba ya shiga bakteriya da sauƙi, alhali tsohon filasmid a murɗe yake tamau, yana shiga kamar ruwa a rairayi. Ko kaɗan ya tsira daga almakashi, shi zai mamaye faranti. Faranti cike maƙil, kuma duka tsoho, ma'anarsa tsohon bai sha yanka ba ko kaɗan.

Mun kai ga wannan fahimta daga baya, sai dai mun fassara ta da abin da ya fi kusa da hannu. A makon da ya gabata an ɗauke wuta kwana biyu a jere, janareta kuma ya tsaya cikin dare, da safe aka tarar firiza ta fara zufa. Enzayim irin wannan a sanyin digiri 20 ƙasa da sifiri ake ajiye shi, kuma tun daga ƙasar waje yake zuwa, ya biyo ta Legas ko Abuja a cikin kula, ba wanda zai rantse cewa ƙanƙarar ta kai shi Zariya. Duk wanda ya yi aiki a ɗakunan bincikenmu ya taɓa asarar kaya ta wannan hanya, saboda haka da ɗalibar ta ce, "Malam, ko dai wuta ce ta kashe shi?" ba wanda ya musa. Aka rubuta odar sabon DpnI da kuɗin da ta ware wa karatun jeri. Kafin ya iso ta ninka yawan wanda ke hannu, ta bar shi ya kwana yana aiki, ta sauya zafin mannewar guntayen, ta ƙara zagaye, ta sake sayen sababbin guntaye. Sau biyar, kuma kowane karo zoben nan mai haske na nan yana kallonta.

Wanda ya karya wannan zato shi ne dattijon ma'aikacin da ya fi kowa daɗewa a ɗakin, wanda ɗalibai ke kira Baba. Ya ce shi bai yarda a yanke wa enzayim hukuncin mutuwa ba a gwada shi a kan abin da aka tabbata zai yanka ba. Ya ɗauko pUC19, ɗan filasmid mai haruffa 2,686 da aka ciro daga E. coli irin DH5α, wadda Dam ɗinta ke aiki lafiya, ya raba shi a kwalabe, ya raba na ɗalibar haka nan. Muka aro ɗigon MboI da na Sau3AI daga wani ɗakin bincike na maƙwabta. Dalilin zaɓen waɗannan biyu shi ne su ma GATC suke nema, amma kowanne da halinsa: MboI, kamar DpnII, tambarin Dam na hana shi yanka, Sau3AI kuwa bai damu da tambarin da ke kan A ba, da shi da babu duk yanka yake. Almakashi uku ke nan a kan jeri guda, kuma idan aka jera sakamakonsu a jel ɗaya, wato faifan da ke ware guntayen DNA layi-layi bisa girmansu, ba sauran gardama.

Da yamma muka shiga ɗakin duhu mu uku, Baba ya kunna fitilar da ke sa DNA walƙiya. A layin pUC19 da aka zuba wa tsohon DpnI, wanda muka riga muka yi wa jana'iza, babban layin ya ɓace, sai ƙananan guntaye birjik a ƙasan jel ɗin. MboI bai taɓa pUC19 ba. A ɓangaren filasmid ɗin ɗalibar abin ya juye sarai: DpnI ya bar shi yadda yake, layinsa daidai da na wanda ba a zuba wa komai ba, MboI ya yi masa kaca-kaca, Sau3AI kuma ya yanka duka biyun. Baba ya kashe fitilar, ya juyo ya ce mata, "'Yata, wannan filasmid ɗin naki a cikin wace bakteriya ya kwana?" Ta ce ba ta sani ba, a firiza ta gaje shi, kuma sunan filasmid ɗin kawai aka rubuta a murfi.

Sai da muka tono littafin aikin ɗalibin da ya gina filasmid ɗin, wanda ya gama ya tafi tun kafin ta zo, sannan zaren ya warware. Ya yi amfani da wani almakashi mai suna BclI wajen dasa ƙwayar gadon. BclI na neman jerin TGATCA, wanda GATC ke zaune a tsakiyarsa, saboda haka tambarin Dam na toshe shi a kowane lokaci, kamar yadda yake toshe XbaI da ClaI idan haruffan da ke gefensu suka haɗu suka ba da GATC. Hanyar da kowa ke bi ita ce a shuka filasmid ɗin a cikin E. coli marar Dam, irin su JM110 ko GM2163, kuma haka ya yi, daidai yadda ya kamata. Abin da bai yi ba shi ne mayar da shi cikin bakteriyar ajiya bayan ya gama, ko aƙalla ya rubuta sunan JM110 a jikin kwalbar. Ɗalibar ta farfaɗo da wannan ajiya, ta ciro DNA mai tsabta ƙwarai wanda babu metil ko ɗaya a GATC ɗinsa, don haka a idon DpnI tsoho da sabo duk ɗaya suke.

Akwai wani haɗari na biyu a cikin wannan gado da bai kamata a wuce shi ba. Tambarin Dam na da wani aiki a rayuwar E. coli: bayan an kwafi DNA, sabon sillin yakan ɗan jima ba tambari, kuma da wannan ne enzayim MutH ke gane wane silli ne sabo domin a gyara kuskuren kwafa a kansa. Bakteriyar da ba ta da Dam ta rasa wannan ja-gora, kurakurai sun fi taruwa a cikinta, shi ya sa ba a ajiye filasmid a cikinta na dogon lokaci. Saboda haka malamin ya nace a sake karanta ƙwayar gadon daga farko har ƙarshe, ba wurin sauyin kaɗai ba. An yi sa'a ba a sami wani ɓarna ba.

Gyaran bai ci kuɗi ba. Ana iya manna tambarin a cikin kwalba da enzayim Dam da ake sayarwa, tare da sinadarin SAM da ke ba da metil ɗin, amma ba mu da shi, kuma ba a bukatarsa. Ta zuba filasmid ɗin cikin DH5α, ta bar shi ya kwana a faranti, ta ɗauki curi ɗaya ta shuka a ruwan abinci ya sake kwana, washegari ta ciro shi da cikakken tambari. Kafin ta ci gaba, Baba ya sa ta gwada sabon da DpnI a jel, ya daddatse. A gwaji na shida ta rage yawan abin kwafa, kuma ta ƙara abin da ya kamata a ce yana nan tun ranar farko, wato kwalbar shaida wadda aka zuba mata komai amma ban da enzayim mai kwafa, sannan aka yi mata DpnI. Farantin wannan kwalba ya kamata ya fito fayau, domin ba sabon DNA a ciki, kuma duk curin da ya tsiro a kansa tsoho ne da ya tsere. Da an yi wannan faranti a watan farko, da ya fito cike, da kuma an san inda za a duba. Na ɗauki wannan a matsayin sakacina, domin ni ne na ce mata ta bar shi don a tsimi faranti da bakteriyar da aka shirya.

A wannan karo cure-curen ba su da yawa, kuma mafi yawansu ja ya rufe su ba zobe. 'Yan kaɗan sun fito da zobe duk da haka, kuma wannan ma yana da bayani. A cikin kwalbar akan sami zoben da silli ɗaya tsoho ne mai tambari, ɗayan sabo ne marar tambari, kuma irin wannan rabi-da-rabi DpnI na yanka shi a hankali ƙwarai. Idan ya tsira ya shiga E. coli, MutH zai ɗauki sillin marar tambari a matsayin mai kuskure, sai bakteriyar ta goge sauyin da ɗalibar ta sha wahalar sakawa, tana ganin gyara ta yi. Shi ya sa ba a dogara da curi ɗaya. Karatun jeri ya tabbatar da alanin a cikin waɗanda ba su da zobe, zaton malamin kuma ya tabbata.

DpnI ba shi kaɗai ba ne a wannan dangi, kuma sauran sun fi shi iya ɓoye ɓarnarsu, domin a cikin E. coli ɗin da muke aiki da ita suke zaune. E. coli irin K-12, wadda DH5α ta fito daga cikinta, na da McrA da McrBC da Mrr, waɗanda tun 2003 aka kasa su a rukuni na huɗu na almakasan bakteriya. McrBC na neman harafin C mai metil wanda A ko G ya gabace shi, yana bukatar irin wannan wuri guda biyu da tazarar haruffa kamar 40 zuwa 3,000 a tsakaninsu, kuma da sinadarin GTP yake samun ƙarfin aiki. Elisabeth Raleigh da Geoffrey Wilson ne suka nuna a 1986 cewa K-12 na sare DNA mai irin wannan C. Abin mamaki, tarihin fannin gaba ɗaya da su ya fara ba a sani ba: abin da Salvador Luria da Mary Human suka gani a 1952 shi ne bairos T2, wanda ke lulluɓe C ɗinsa da aka sauya da sukarin gulukos, idan ya girma a cikin bakteriyar da ba ta iya ba shi sukarin sai ya fito a tone, waɗannan almakasai su kama shi.

Wannan ya shafe mu kai tsaye a Zariya, inda rabin ayyukan ɗalibai a kan dawa da masara da wake da auduga suke. Tsirrai na ɗora metil a kan C da yawa, a jerin CG da CHG da CHH, inda H ke nufin kowane harafi ban da G, saboda haka wanda ya yanko DNA kai tsaye daga ganyen dawa ya zuba cikin DH5α zai rasa mafi yawan guntayensa, kuma abin da zai gani kawai shi ne faranti marar albarka, sai ya zargi wuta kamar yadda muka yi. Irin su DH10B, waɗanda aka cire wa mcrA da mcrBC da mrr, su ne na wannan aiki. Wasu masu bincike a Amurka kuma sun mayar da matsalar riba: tunda a masara da dawa maimaitattun jeri ne suka fi ɗaukar metil, ƙwayoyin gado kuwa ba su cika ɗauka ba, sai suka bar McrBC ya tace musu, a masara a 1999, a dawa a 2005.

Yanzu a ɗakin namu kowace kwalbar filasmid na ɗauke da sunan bakteriyar da ta fito daga ciki, kuma Baba ya bi tsofaffin ajiya na firiza ɗaya bayan ɗaya da DpnI da MboI, ya sami wasu biyu marasa tambari da ba wanda ya san da su. Sabon DpnI da aka yi oda ya iso mako biyu bayan ɗalibar ta gama, har yanzu ba a ɓalle murfinsa ba, domin tsohon da ya sha zafin firiza bai ƙare ba. Kuɗin karatun jeri na ƙarshe kuwa malaminta ne ya biya daga aljihunsa.